Ni Ce Cinnakan Da Ke Cizon Kakana

Anti, don girman Allah ki cece ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Kuma ina roƙonki kada ki sa sunana, ko harafin farkonsa. Mutumin da nake tsoron ya ji wannan zance ni nake karanta masa jarida, don haka in na zo kan shafinki zan ce masa talla ce in wuce, amma fa yana da wayo kamar me.

Shekarata goma sha bakwai. Ni irin yaran nan ce da in baƙo ya yi sallama sai su tuna suna da wanki a bayan gida. A aji in malami ya nuna ni, amsar tana nan daram a kaina, amma kafin ta sauko bakina ta narke. Mama miskila take ce mini. Abu ɗaya na ƙware a kai, karatun littattafan soyayya. Ina da kwali guda a ƙarƙashin gado, na jera tsofaffin littattafan lissafi a sama don kada a gane. Kuma Anti, a duk wanda na karanta, soyayya da faɗa take farawa. Yarinya za ta bangaji wani dogon mutum mai ɗaurarriyar fuska, ya ce ba ta da tarbiyya, ta ce shi ma haka, kafin a kai tsakiyar littafi ya daina cin abinci saboda ita. To ni da ba na iya ɗaga ido in dubi mai shagon bakin layinmu, da wa zan yi faɗan? Shi ya sa da na ji ana maganar wani zauren muhawara a intanet, inda kowa ke shiga da sunan aro a yi ta musu kan al'amuran da ke raba kan jama'a, na ce to ga inda rabona yake.

Amma bari in fara da Kaka, don shi ne tushen zancen. Kakana ne na wajen uba, yana ɗakin gaba na gidanmu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, har yau duk layin Fosmasta suke ce masa. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne duk tsawon aikinsa bai taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba, ko da ta zo masa a yage sai ya liƙe ta idonsa na kallon rufi. Tun da kakata ta rasu ya yi sanyi. Sai ya wuni a kujera rediyo na ta surutu shi kaɗai, a kai masa abinci a dawo da shi kamar yadda aka kai. Yayana da ke aiki a wani gari shi ya kawo masa babbar waya, ya sa shi a wannan zaure, wai ko zai samu abin ɗebe kewa. To idon Kaka ya yi yana, yatsunsa kuma sun saba da buga hatimi, in ya danna harafi ɗaya sai uku su fito. Sai aka naɗa ni mai rubuta masa. Sakatariya yake kirana. Yana zagaya ɗaki hannu a baya yana shifta, har da “waƙafi”, “aya”, “sabon layi”. Mutane na can suna zagin iyayen juna, shi kuwa kowane sharhi nasa da “Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri” yake farawa. Sunansa a zauren Tsohon Zuma.

Ranar da abin ya fara, wani ne ya jefo tambaya wai ya kamata a hana 'yan mata karanta littattafan soyayya ko a bar su. Kaka ya gyara murya ya ce in rubuta. Ya ce guba ce a cikin takarda mai ƙyalli. Ya ce suna sa yarinya ta raina duk saurayin da ya zo a ƙafa. Ya ce duk gidan da ka ji ƙaurin tukunya, bincika, akwai littafi a ƙarƙashin filo. Anti, a makon nan na ƙona wa Mama tukunya. Da yatsuna na rubuta hukuncin kaina, na sa aya, na tura. Jama'a suka yi ta “gaskiya ne Baba”, “Allah Ya ƙara girma”. Ba wanda ya ce uffan don kare mu.

Na shiga kicin kamar zan ɗora ruwan shayi. Akwai tsohuwar wayar Mama da aka bar mini don aikin makaranta. A tsaye a bakin murhu na buɗe sabon suna, Cinnaka, na rubuta cewa ina gaida Tsohon Zuma, amma ina tambaya, guda nawa ya karanta? Wanda bai buɗe ambulan ba, yaya aka yi ya san abin da ke cikin wasiƙa? Na tura, na dawo da shayi, Kaka ya ce in duba ko an yi magana. Ni na karanta masa da bakina.

Wallahi Anti sai da ya miƙe tsaye. Ya ce in maimaita. Ya ce wane mara kunya ne wannan. Ya shanye shayin, ya ce a ƙaro, ya ce a haɗo da burodi. Mama har leƙowa ta yi. Da yamma ya kira ni a asirce ya ce ko a cikin ƙawayena akwai lalatacciyar da ke da irin littafin nan, in aro masa, don shi ba ya yanke hukunci kan kayan da bai auna ba. Na ce zan bincika. Na zagaya na shiga ɗaki na ɗaga littafin lissafi. Haka na zauna ina karanta wa kakana littafin soyayya, ina tsallake wasu shafuka ina cewa sun yage. Tun yana tsaki har ya koma “to sai me ya faru?” Da muka gama ya sa na rubuta cewa ya janye kalmar guba, labarin yana da daɗi kuma yarinyar tana da hankali, amma shi saurayin ba shi da tarbiyya: namijin da zai daka wa mace tsawa ya fizgi hannunta a gaban mutane ba so yake yi ba, rashin mutunci ne, kuɗin motarsa ne ya sa marubuciyar ta yafe masa. Har yau in na zo irin wurin nan a littafi sai in ji muryar Kaka, duk ya ɓata mini dogayen mutanen nan masu ɗaure fuska.

Daga nan fa aka buɗe fage. Mun yi musu kan ko a bar yarinya ta tafi karatu wani gari mai nisa. Mun yi kan ko tsofaffi su sauka su ba matasa shugabanci. Mun yi kan ba yara waya, da kan mace ta tuƙa motar haya. Da safe in rubuta nasa, da rana in laɓe a sito tsakanin buhuna in rubuta nawa, da la'asar in karanta masa ya yi ta bambami yana murmushi. Don kada ya kayar da ni sai da na koma karanta abubuwan da da ko an biya ni ba zan duba ba, har malamin tarihinmu ya tambaya ko lafiya. Zauren ya rabu biyu, 'yan Zuma da 'yan Cinnaka. Wani ya zage ni ya ce tsohon banza mai furfurar ƙarya, na wuni ina jin daɗi, don ya nuna ba wanda ya gane yarinya ce.

Kin san dalilin da ya sa na mai da Cinnaka tsoho? Da farko, tun kafin Cinnaka, na gwada shiga da sunan fure, in nemi dogon mutumin nawa. Duk wanda na ja da musu sai ya biyo ni ta bayan fage da “ya sunan malamar?” Akwai wani mai hoto a jingine da mota, na rubuta masa hujjoji cikin tsari har sakin layi huɗu, ya amsa mini da “hmm” da ɗan hoton dariya. Na fita neman wanda zan yi faɗan soyayya da shi, Anti, duk zauren nan mutum ɗaya ne ya ɗauki maganata da muhimmanci har ya ba ni amsa, shi ne kakana.

To don in yi kama da tsoho sai na riƙa aron bakin Baba Mai Agogo. Shi ne aminin Kaka tun kafin a haifi babana. Yana da ɗan shagon gyaran agogo a kwanar layinmu, in ya rufe da yamma sai ya zo su zauna a benci a ƙofar gida. Shi kaɗai ne bai daina zuwa ba lokacin da Kaka ya daina magana. Sai ya zauna ya yi ta ba shi labari ko ba a amsa. Yana da wata al'ada, in ya faɗi magana ta yi masa daɗi sai ya rufe da “in ji masu iya magana, wato ni.” Tun ina ƙarama nake jin ta.

Rannan aka kawo zancen lalacin matasa. Kaka ya sa na rubuta cewa su a zamaninsu ba su san barcin rana ba, yaran yanzu kuwa katifa ta gaji da su. Ni kuma ranar kaina ya yi zafi, 'yan Cinnaka na ta zuga ni. Na rubuta cewa na san wani dattijo da ke wa'azin nan, amma yana cikin ba da labari a kan benci barci ke sace shi, baki buɗe, rediyo a ƙirji, in an tashe shi ya ce tunani yake yi. Kuma shaiɗan ya ja yatsana na ƙara da “in ji masu iya magana, wato ni.” Zauren ya kwashe da dariya. Na karanta wa Kaka ina danne tawa.

Bai yi bambami ba. Ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, “Sakatariya, na gane shi.” Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Sai ya ce Mai Agogo ne. Wai ashe mutumin nan yana zama da shi a benci ɗaya, yana shan shayinsa, sannan ya koma ya tona masa asiri a gaban duniya. Na ce a hankali, anya Kaka, wayar Baba Mai Agogo fa 'yar ƙarama ce mai madannai, da roba ma aka ɗaure ta. Ya ce wannan ai shi ne makircin, da wayar surukinsa yake yi. Na ce ko dai wani ne a cikin gida. Ya yi dariya ya ce, wa? Ke? Ke da ko kaza ba kya iya kora? Ban san ko in ji sanyi ko in ji haushi ba.

Washegari ya sa aka shigo da bencin cikin gida. Baba Mai Agogo ya zo, aka ce masa Kaka na hutawa. Ya sake zuwa da agogon bangon Kaka da ya gyara, aka tura ni in karɓa a ƙofa. Ya miƙo mini, ya tsaya yana juya hularsa a hannu, ya ce, “'Yar nan, me na yi wa ɗan'uwana? Ko a mafarki ne ki gaya mini in ba shi haƙuri.” Na kalli ƙasa kamar yadda na saba, ya ɗauka kunyata ce ta kullum, har ya sa mini albarka. Yanzu in na wuce shagonsa sai in gan shi bayan ya rufe yana zaune a kan dakali shi kaɗai, yana kallon wajen gidanmu.

Na yi dabaru, kada ki ce ban yi ba. Na sa Cinnaka ya yi shiru. Kaka ya ce kin gani, tun da na ɗauke benci bakinsa ya mutu, shi ne. Na sa Cinnaka ya rubuta cewa Tsohon Zuma ya daina zargin bayin Allah, ni ba wanda yake tsammani ba ne. Kaka ya ce yaya aka yi ya san ina zargin wani? Shi ne! Duk inda na juya ramin ƙara zurfi yake.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne yanzu Kaka yana shifta mini wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa zauren, da cikakken sunan Baba Mai Agogo da kwatancen shagonsa, wai don jama'a su san fuskar maci amana. Kullum ina ce masa babu sabis, ko caji ya ƙare. Ya fara kallona ta saman tabarau. Ya ce in Yaya ya zo hutu ƙarshen wata shi zai tura masa, tunda sabis ɗin gidan nan ni kaɗai yake ƙi.

Akwai kuma wani abu, tunda na fara in ƙarasa. Sau ɗaya, a musun karatun nesa, ya kawo wata hujja da na san ba ni da amsarta, sai na tsallake ta ban rubuta ba. Ya yi ta mamakin yadda Cinnaka bai ko taɓa wurin ba, yana cewa ya tsorata ne.

Mama tana cewa zaurukan nan aikin marasa aikin yi ne, ba a taɓa cin musu a waya ba, sai dai a ci data a ci mutunci. In ta ji wannan, wayar ta tafi, kwalin ma ya tafi. Amma Anti, mutumin da ya daina cin abinci yanzu har ƙari yake nema, ni kuma da ba na magana na gano ashe ina da abin cewa. Duk banza ne? In na faɗi gaskiya, Kaka zai ƙara kallona kuwa? In ban faɗa ba, Baba Mai Agogo zai rasa sunansa a kan laifina. A littattafaina in an zo irin wannan wuri yarinyar suma take yi, ta farka a gadon asibiti kowa na kuka ya yafe mata. Na gwada a ɗaki, na faɗa kan katifa, ban ji alamar zan iya ba. Ki ba ni shawara kafin wata ya ƙare.

Taki,
Sakatariyar Kaka

Amsa

'Yata Sakatariya, na yi dariya har na share hawaye, sannan na zo kan dattijon da ke juya hula a ƙofar gida, dariyar ta tsaya. Ke ma a nan ya kamata taki ta tsaya. Kin zaɓi sunan da ya dace da ke, don shi cinnaka dama bai san na gida ba.

Bari in fara da tambayarki ta ko duk banza ne. Ba banza ba ne, kuma mahaifiyarki ba ta yi ƙarya ba. Mafi yawan musun da ake yi a waya hayaniya ce, kowa ya shigo da amsarsa a aljihu ya fita da ita ba ta ko motsa ba. Amma naku ba haka ya tafi ba. Dattijo ya janye kalma a gaban jama'a bayan ya zauna ya saurari littafin da ya la'anta; manya da yawa har su mutu ba su yi wannan ba. Ke kuma ya canza miki ido, kin daina ganin tsawa a matsayin so, darasin da wasu mata sai sun sha wuya suke koya. Kin karanta abin da da ba ki karantawa. Musun da ke sa mutum ya koma ya bincika, ya dawo ya ce a nan ka fi ni gaskiya, ya fi shiru na ladabin ƙarya amfani nesa ba kusa ba. Su masu “gaskiya ne Baba” ba su ƙara wa kakanki ko loma ɗaya ba. Wanda ya ja da shi ne ya tashe shi tsaye.

Sunan aro ma ban ga laifinsa ba a karan kansa. Yarinya mai shekarunki gara ta rufe fuskarta a irin wuraren nan, kin kuwa ga abin da sunan fure ya jawo miki. Laifin yana wuri biyu. Na ɗaya, kin bar hujja kin koma kan mutum. Muddin kuna kan littafi da karatu da shugabanci, muhawara kuke yi. Ranar da kika ɗauko barcinsa na kan benci kika kai kasuwa don 'yan kallo su yi shewa, kin ɗebi abin cikin gida kin sayi tafi da shi. Ki lura da masu zugin nan, su ba kakansu ba ne. Na biyu, shi ya fi nauyi: ke ce aka ba amanar saƙo. Mutumin da ya yi aiki bai leƙa wasiƙar kowa ba, kin karanta tasa kafin ta tafi, kin shirya mata amsa, har kin zare mata shafi. In zai yi fushi, a nan zai fi yi, don haka da bakinki za ki faɗi wannan, kada ki jira ya gano.

Ga abin yi. Kada ki jira yayanki, kada ki ƙara wata dabara, kin ga inda biyun farko suka kai ki. Ki zaɓi safiya bayan ya karya, ku biyu kawai a ɗaki. Na san bakinki na iya maƙalewa, to ki yi abin da kika saba: ki ce akwai saƙo daga Cinnaka, ki karanta masa. Ki rubuta shi gajere, ba ado, ba karin magana. Jimlar farko ta wanke Baba Mai Agogo tas, cewa bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta biyu ta ce mai karanta maka wannan ita ce. Sannan ki ajiye wayar ki dube shi, ki ba shi haƙuri kan barcin benci da kan hujjar da kika zare. In bai yarda ba, tunda ya ce ko kaza ba kya kora, ki karanto masa hujjar nan da ka. Ba wanda ya taɓa jin ta sai ku biyu.

Zai ji kunya, kuma kunyar tsoho takan fito da rigar faɗa. Ki bar shi ya yi, kada ki kare kanki, wannan musu ɗaya ne da ba a so ki ci. Abin da zai fi damunsa shi ne yadda zai dubi amininsa, to ki sauƙaƙa masa. Ki nemi izininsa ki je shagon da kanki, ki gaya wa Baba Mai Agogo abin da kika yi da bakinsa da kika ara ba ki tambaya ba. Laifin naki ne, ki ɗauke shi a kanki, dattawan biyu su samu hanyar haɗuwa ba tare da ɗaya ya durƙusa wa ɗaya ba. Bencin kuma ke za ki fitar da shi.

Mahaifiyarki ki gaya mata a ranar, bayan Kaka, kafin ta ji a bakin wani. In ta karɓe wayar na ɗan lokaci, hukunci ne mai sauƙi, ki miƙa da hannu biyu. Zancen kwali kuwa, ina zaton kina da lauya a ɗakin gaba wanda ya san daɗin “to sai me ya faru”, in ya huce.

Ban ce ki bar muhawara ba. In ƙura ta lafa, ki roƙi Kaka ku ci gaba, amma aikin sakatariya ko na abokin hamayya, ɗaya za ki riƙe a kowane zance, ba a zama alƙali da mai ƙara. Kuma ki riƙe wannan ma'auni duk inda kika shiga: abin da ba za ki iya karanta wa mutum a gabansa ba, kada ki tura masa. Ke kin yi sa'a, Allah Ya haɗa ki da abokin musun da dole ki karanta masa. Ki fara gwada muryar nan a aji ma, ko sau ɗaya a mako ki ɗaga hannu.

Shi kuma dogon mutum, ki ba shi lokaci, karatu ne a gabanki yanzu. In ya zo, kin riga kin san yadda namijin da ke sauraron hujjar mace yake, ba za ki sayi mai “hmm” ba ko da motar tasa ce.

Allah Ya sanyaya zuciyar Kaka, Ya saka wa Baba Mai Agogo da alheri kan haƙurinsa, ke kuma Ya ba ki ƙarfin gwiwar safiya ɗaya. Ki tashi ki je, 'yata, ana jiranki a ɗakin gaba.

Antinku